Rairayin Gindin Randa

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can bayan Sunke a ƙasar Anka, ya san ruwan gidan Safara'u. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta girme ni da shekara tara, kuma a bayanta na yi wayo. Ni sunana Lirwanu. Na gaji da jin yadda mutane ke ba da labarinta a bakin masallaci da wajen suna, kowa da gishirin da yake ƙarawa, babu kuma mai faɗin inda na shigo ciki. Shi ya sa zan ba da shi da kaina.

Tun tana yarinya abu ɗaya ta tsana a duniya: a buɗe randa a tarar da ita wayam. Akwai dalili. Wata bazara rijiyar unguwarmu ta rufta, ina ɗan yaye, Innarmu kuma tana kwance da zazzaɓi. Kwana biyu babu abin jiƙa maƙoshi a gidan sai guntun ruwan wanke-wanke. Safara'u ce ta ɗauki tulun da ya fi ƙarfinta ta tafi gulbi a ƙasa, ta dawo da yamma ƙafafu a kumbure, rabin ruwan ya zube mata a jiki. Daga ranar ba ta ƙara yarda da rijiya ba, komai zurfinta, balle famfon gwamnati.

Da aka tashi aurenta da Dikko, wani manomin gero marar hayaniya, sauran amare suna kukan kwalla da gado, ita randuna ta ce a saya mata. Shida ta jera a ƙarƙashin wata rumfar kara a bayan ɗakinta. Biyu na shan yau da kullum, huɗu na ajiya, ba a taɓa su sai ranar da ruwa ya yanke. Kada ka ɗauka barin su take yi su yi gansakuka. Duk kwana uku sai ta juye wadda ta fi daɗewa cikin na sha, ta wanke ta da toka, ta turara ta, ta tace sabon ruwa da farin ƙyalle, ta jefa saiwar jema don ƙanshi, ta kife faifai. Da damina in ruwa ya zo da laka, 'ya'yan zogale take dakawa ta zuba, kafin la'asar ya kwanta. Moɗa kuwa a jikin wani reshe take rataye, kuma ba a kai ta baki. A ƙoƙo za ka tsiyaya ka sha, ko kai waye. Na sha ganin Dikko, da gemunsa, ya dawo daga gona a galabaice yana tsaye yana jiran a miƙo masa ƙoƙo.

Amma sirrin ruwan a ƙasa yake. Kowace randa a binne take har ƙugu cikin rairayin gulbi, ana yayyafa masa ruwa safe da azahar. Tsakiyar bazara, lokacin da ko inuwa ƙuna take, in ka kurɓi ruwan Safara'u sai haƙoranka sun amsa. Duk shekara kafin zafi ya shigo takan kwashe tsohon rairayin a kawo sabo. Ba ta sayen komai. Toka daga murhu, zogale daga bayan gida, rairayi daga gulbi. Matan Fulani masu tallan nono sukan ratso ta gidan ko ba ciniki, don kawai su sha ndiyam ɗin Safara'u, kamar yadda suke ce wa ruwa. Matan gari kuma suka sa mata suna Sarauniyar Randa, suna dariya a bayan idonta. Famfo yana lalacewa, abin da ba ya kasa sau biyu a shekara, sai ka ga masu dariyar sun yi layi a ƙofarta da ƙoƙuna.

Shekara goma sha huɗu tana gidan Dikko ba ta ga ko ɓatan wata ba. Sai da kowa ya cire rai, har ita, sannan Allah ya kawo Fatsuma. Yarinya ce mai shegen surutu, tun kafin ta iya tafiya sosai ta iya tambaya. In na shigo gidan sai ta maƙale mini a ƙafa: Kawu mi ka kawo, Kawu ina jakinka, Kawu don mi kunnenka ya yi girma. Safara'u ba ta kiran sunanta, don 'yar fari ce, da kunya. Sai dai ta ce "yarinyag ga", tana kawar da kai kamar ba ta damu ba. Ƙarya take yi. Wata rana tana tace ruwa ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "Ni dai Lirwanu, ko duniya ta kama wuta, yarinyag ga ba ta kwana da ƙishi." Randunan nan shida, daga ranar suna, duk na Fatsuma ne.

Sai zinariya ta zo. Bayan kakar 2009 ƙauyenmu ya haukace. Injin da ke niƙa mana dawa ya koma niƙan dutse. Maza suna rami, mata suna daka dutse a turmin da suke daka fura, ana shanya garinsa a tsakar gida a kan tabarmar da yara ke kwana. Ni ma na jefar da fartanya na koma wurin wanki, inda ake zuba niƙaƙƙen dutse a kan katako ana kwarara masa ruwa har zinariyar ta maƙale, sauran kuma ya gangara ya taru tsibi-tsibi, rairayi mai laushi da babu mai so. Cikin wata uku na sayi babur. Na ji kaina wani ne.

Gida ɗaya ne a unguwarmu dutse bai shiga ba. Ranar da Dikko ya ɗauko buhun dutse, Safara'u ta tare ƙofar zaure da jikinta.

"Malam, wanga abu ba ya shiga gidan ga."

"Ke kaɗai ta ba ki son arziki?"

"Ƙura za ta hwaɗa mani cikin ruwa. Kai shi inda kaka so, ban da nan."

Ba ta san wata guba ba, babu wanda ya sani. Ruwanta kawai take karewa. Mata suka yi sababbin atamfofi da wayoyin hannu, ita tana nan da zanenta da ya koɗe. Suka ƙara mata dariya, ni ma na taya su. Na ce mata ta jiƙa randunan ta sha in yunwa ta zo.

Da sanyi ya fara ja da baya, lokacin canjin rairayi ya yi. Dikko ya yi mako biyu a rami bai leƙo gida ba, sai ta aika a kira ni. Ta ce in ari amalanke in je gulbi in ɗebo mata. Na ce to. Mako ya wuce ban je ba. Ta sake aikowa. Zuwa gulbi da dawowa rabin wuni ne, ni kuma ina ganin rabin wuni a wurin wanki ya fi ƙarfin a ɓata shi a kan randa. Na dubi tsibin da ke gaban ƙafata. Na cika buhu huɗu, na yi sawu biyu a babur, na sauke mata.

Ta kwance bakin buhu, ta duba. "Wanga ba rairan gulbi ba na."

"Ya hi na gulbi, Yaya. Na wurin wanki na. Sau ukku anka wanke shi, da hannuna."

Ta tura hannu ta damƙo, ta matse, ta sansana. A jiƙe yake, babu ƙura ko kaɗan, laushi kamar garin tuwo. "An dai wanke shi?"

"Sau ukku."

"To, abin da anka wanke ai ya tsarkaka. Allah shi yi maka albarka."

Ban yi mata ƙarya ba, ku ji da kyau. Da na yi ƙarya ma da ya fi mini sauƙi, sai in san ni kaɗai ne mai laifi. Gaskiya na faɗa mata, ta kuma auna ta da ma'aunin da ta sani duk rayuwarta, wato abin da ruwa ya ratsa sau uku ba ya da sauran datti. Rairayin kuma ya yi aiki, tsinanne. Ya fi na gulbi riƙe laima. Ruwan bai taɓa sanyi irin na wannan bazarar ba, har Safara'u tana yaba ni a gaban mutane. Fatsuma, tana 'yar shekara uku, ta samu wurin wasa. Nan take tuƙa tuwon ƙasa a murfin kwalba, ta kwashe, ta ba 'yar tsanarta, ta ɗanɗana ta ji ko gishiri ya ji. Da azahar in zafi ya tsananta, nan take kifa kumatu tsakanin randuna biyu ta yi barci.

Cikin bazarar yara suka fara mutuwa. Amai, sai jijjiga, sai a rufe da zane. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iskokin ramin ne suka fusata. A mako ɗaya na taya haƙa ƙananan kaburbura biyar. Safara'u ta tsorata yadda ban taɓa gani ba. Ta hana Fatsuma fita ko zaure, ta hana ta shiga gidan kowa. "Zamna nan gindin randa," haka take ce mata kullum, "nan na lahiya." Yarinyar da ke wuni rabi a waje ta koma wuni cur a kan rairayina.

Da ruwan farko ya sauka likitoci suka zo, wasu 'yan ƙasa, wasu Turawa. Suka tara mu a ƙofar mai gari suka ce ba iska ba ce, gubar dalma ce, a cikin dutsen take, ƙurarsa ce ke shiga cikin yara ta hannu da baki. Aka ce duk ɗan ƙasa da shekara biyar a kawo shi a ɗebi jininsa. Wadda ke bi gida-gida tana rubuta sunaye wata ma'aikaciyar lafiya ce, Rita, 'yar Filato, ta daɗe tana aiki a Anka har ta san gaisuwarmu. Ina gidan ta shigo. A lokacin Fatsuma ta kwana biyu ba ta cin abinci sosai, tana riƙe ciki, surutun ya ragu, abu kaɗan sai kuka.

"Mama, a kawo ta gobe a duba jininta," in ji Rita.

"Ciwon dutse kunka ce, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To tambayi duk garin ga. Dutse bai taɓa ƙetare zauren nan ba. Zahi na ad damunta, da tsutsar ciki. Ba a tsotse mata ɗan jinin da ya rage."

"Mama, ba a rasa komai in an duba."

"Ku tai ku duba ɗiyan masu dakan dutse. Su sunka kai ma kansu."

Da alfahari ta faɗa, ba zan ɓoye ba. Wata da watanni ana mata dariya, ga shi yau ta tabbata ita ce mai gaskiya, wa zai hana ta ɗaga kai? Ni kuwa ina zaune a kan turmi, wani abu ya ɗarsu a raina. Na juya na dubi rumfar. Sai na ce wa kaina ai ƙura suka ce, wancan kuwa wankakke ne, a jiƙe yake. Na haɗiye maganar, na tashi na hau babur ɗina. Kwana tara na yi ina haɗiye ta.

Rana ta tara masu awon ƙasa suka iso unguwarmu, Rita tana tare da su. Suna da wata na'ura da ake riƙewa a hannu, a kafa bakinta a ƙasa, ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Gidan da ta nuna da yawa, za a kankare ƙasarsa a zuba sabuwa. Tun da hantsi Safara'u ta share tsakar gida tas, ta yafa mayafinta mai kyau. Maƙwabta suka ɗare katanga suna leƙe. Mai na'urar ya auna zaure, ya auna tsakar gida, ya auna ɗaki da bakin murhu, yana gyaɗa kai. Rita ta yi murmushi ta ce, "Mama, duk unguwar nan ba mu ga gida mai kyau kamar naki ba." Safara'u ta ɗaga ido ta dubi matan da ke kan katanga, ɗaya bayan ɗaya.

Da sun tafi a haka, da shi ke nan. Amma baƙo ba ya fita gidan Safara'u bai sha ruwa ba. Ta ɗauki ƙoƙo ta zagaya bayan ɗaki, Rita ta bi ta don ta taya ta. Fatsuma tana kwance tsakanin randuna, kumatu a ƙasa, yatsu biyu a baki. Rita ba ta dubi ruwan ba. Ta durƙusa ta ɗebi rairayin ta murza.

"Mama, ina aka samo wannan yashi?"

"Wankakke na. Ƙanena ya kawo mani daga wurin wanki. Sau ukku anka wanke shi."

Rita ta ƙwala wa mai na'urar kira. Ya kafa na'urar a kan rairayin, ya duba, ya goge fuskarta da hannun riga, ya sake kafawa. Ya ja da baya, ya faɗi wata magana da Turanci a hankali. Rita ba ta nemi izinin kowa ba, ta sunkuci yarinyar ta fito da ita rana tana kakkaɓe mata jiki.

"Mama, wankin nan zinariya kawai yake cirewa. Dalmar duk tana nan a ciki. Wannan wurin ya fi gidajen masu dakan dutse."

Safara'u tana tsaye da ƙoƙo cike a hannu. Ta juyo ta dube ni. Na jira ta zage ni, na jira ta jefe ni da ƙoƙon. Sai kawai ta sunkuya ta ajiye shi a hankali, don kada ruwan ya zube, ta karɓi 'yarta ta goya, ta ce, "Tada babur."

Hanyar Anka ta yi laka, muna tafiya muna zamewa. Mun yi kamar rabin hanya na ji ta ƙanƙame mini riga. Yarinyar ta sandare a bayanta, idanu sun juye, jiki yana karkarwa. A nan, tsakiyar daji, na fara jin Yayata ta kira sunan 'yarta. "Hwatsuma! Hwatsuma!" Ta yi ta kira har muka shiga gari, muryarta ta dushe.

Likitocin sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Sun ce da an kawo ta ranar da aka fara cewa a kawo, da wataƙila ba a kai ga jijjigar ba. Wataƙila suka ce. Mako biyar tana kwance ana ba ta maganin da ke fitar da gubar. Ta rayu. Amma maganar ta tafi, hannun dama ya shanye, ƙafa ɗaya tana ja. Yarinyar da ke tambayata dalilin girman kunnena ta dube ni kamar yadda take duban bango.

Kafin su dawo an kwashe rairayin cikin buhuna an kai inda ake binne irinsa, an cike gurbin da jar ƙasa. Randunan an ce kada a ƙara sha a cikinsu, amma Dikko ya kasa jefarwa, ya jera su a jikin katanga. Safara'u ta kwantar da yarinyar a ɗaki, ta fito ta ɗauki taɓarya. Ɗaya bayan ɗaya ta bi su ta farfashe. Ta share tsingaron da kanta.

Ba ta daina ajiyar ruwa ba, wannan sai dai mutuwa. Jarkokin manja ta samu guda shida, ta wanke da toka, ta ɗora a kan katako nesa da ƙasa. Biyu na sha, huɗu na ajiya, duk kwana uku a juye, kamar da. Sai dai ruwan ɗumi ne, yana warin roba, matan Fulani sun daina ratsowa. Mutanen gari kuma sun samu abin faɗi. Wai tsafta ce ta yi mata yawa, wai girman kai ne Allah ya nuna mata iyakarsa. Masu faɗin haka su ne suka daka dutse a turmin furarsu, su ne suka sha ruwanta kyauta shekara da shekaru. In na ji su sai zuciyata ta tafasa, sannan in tuna wanda ya cika buhunan, in kama gabana. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini kai ne ba. Tana gaishe ni, tana zuba mini tuwo, tana tambayar iyalina. Na fi son ta tsine mini.

Fatsuma ta kai shekara goma sha ɗaya a bazarar 2018. Ba ta iya riƙe ƙoƙo, uwar ce ke tallafe mata kai ta ba ta. Abu ɗaya ne ba ta manta ba. Duk azahar in zafi ya tsananta, sai ta ja ƙafa ta zagaya bayan ɗaki, inda rumfar take a da, ta kwanta ta kifa kumatu a kan jar ƙasar da rana ta gasa, tana neman sanyin. Uwar ta ɗauke ta, gobe ta koma.

Ganin haka ne ya sa a wannan bazarar na sayi sabuwar randa, na ari amalanke, na fita bayan sallar asuba zuwa gulbi. Na ɗebo daga tsakiya, inda ya fi fari, buhu huɗu. Na tsaya a ƙofar zaure na yi sallama. Ta fito tana goge hannu. Ta dubi randar, ta dubi buhunan. Ta kwance ɗaya, ta tura hannu ta damƙo, ta matse, kamar wancan karon.

"Na gulbi na, Yaya. Da kaina na ɗebo. Ko don yarinyar ta samu wurin sanyi."

"Na gani."

Ta buɗe hannu ta bar shi ya tsiyaye cikin buhun. Sannan ta dubi inuwar katanga, wadda ko karkata ba ta fara yi ba.

"Da sahe ka hita?"

"Bayan asuba."

"Ga ka ka dawo, ko azahar ba a kira ba."

Rabin wunin da na ƙi ba ta wancan karon ke nan. Ta tsiyayi ruwan jarka a buta ta wanke hannun da sabulu har gwiwa. Ta ce in mayar da kayana. Sai ta juya ta zagaya bayan ɗaki, don ta ɗauke Fatsuma daga rana.